Babu Bijimi A Cikin Gwangwanin Nan: A Daina Yaƙar Lemon Enaji Da Ƙarya

 

Maganar yau za ta ɓata wa wasu rai, don haka gara mu faɗe ta tun daga farko. Saƙon nan da ya daɗe yana yawo a WhatsApp da Facebook, mai cewa lemon ƙara kuzari, wanda matasa ke kira enaji, wai da maniyyin bijimin sa ake haɗa shi (a gafarce mu), ƙarya ne. Wani lokaci a sauya masa riga a ce fitsarin sa ne. Shi ma ƙarya ne. Hujjar masu yaɗa shi guda ɗaya ce, wato kalmar Taurine da ke rubuce a jikin gwangwani.

Da a wayoyin masu tura saƙo kawai abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma ga shi ya fara shigowa rubutun masu tasowa. Ana sa shi a gajerun labarai, a bakin likita ko malamin makaranta, ana sa shi a rubutun faɗakarwa, a kuma rufe da cewa a tura wa mutum goma don ceton al'umma. Wannan ne ya sa muka ɗauko zancen.

Kada wani ya ɗauka mun zo kare masu sayar da lemon ne. Duk wanda ya san Ƙaraye da Rogo ya san yadda abin nan ya samu wurin zama. Yana cikin firjin mai cajin waya, yana gidan kallon ƙwallo, yana tasha wajen 'yan acaɓa, yana hannun ɗalibin da ke son raba dare da karatun jarrabawa, har gonakin noman rani na gefen madatsar ruwa ta Challawa ana kai shi. Mu ma abin yana damun mu. Matsayarmu ita ce, wanda ya yaƙi lemon nan da ƙaryar bijimi ya yi masa aiki kyauta, domin ya ɗauke idon mutane daga inda cutar take ya kai shi inda babu komai.

Mene ne taurin ɗin?

A nan za mu riƙa rubuta shi da taurin. Sinadari ne ɗan ƙarami ƙwarai. Masana na rubuta shi C2H7NO3S, ma'ana ƙwayoyin zarra biyu na kabon, bakwai na haidurojin, ɗaya na naitirojin, uku na oksijin, da ɗaya na farar wuta. Idan aka tace shi, farin gari ne mai ƙyalli kamar gishiri, yana narkewa a ruwa. Ana yawan lissafa shi cikin dangin amino asid, amma ya bambanta da sauran dangin ta fuska biyu. Na farko, ɓangarensa mai tsami farar wuta ce a tsakiyarsa, alhali na sauran kabon ne. Na biyu, jiki ba ya gina furotin da shi. Sauran amino asid kamar tubali suke, ana jera su a yi tsoka da fata da gashi. Shi taurin a sake yake yawo cikin ruwan ƙwayoyin halitta yana wasu ayyukan dabam.

To ina bijimi ya shigo? A shekarar 1827 wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Friedrich Tiedemann da Leopold Gmelin, suna binciken yadda abinci ke narkewa a ciki, suka fitar da wannan sinadari daga ruwan maɗaciyar sa. Maɗaciyar nan dai da kowane mahauci a kasuwar Ƙaraye ke cirewa a hankali daga jikin hanta don kada ta fashe ta ɓata nama. Da yake da harshen Latin taurus ake kiran bijimi, sai sunan ya bi sinadarin. Iyakar alaƙar ke nan. A jikin sa aka fara ganin sa, shekara kusan ɗari biyu da suka wuce, kuma a maɗaciya.

Manomin Rogo zai fi kowa saurin gane wannan. Takin yuriya da yake zuba wa masararsa, daga kalmar fitsari ta Turawa sunansa ya fito, domin a fitsari aka fara gano sinadarin. Amma akwai manomin da ya taɓa zaton buhun yuriya fitsarin mutane aka tara aka busar? A 1828 Friedrich Wöhler, wanda ɗalibin Gmelin ɗin nan ne, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji ba tare da fitsarin kowa ba. Yau daga iskar gas ake yin ta a manyan masana'antu irin na Eleme a Jihar Ribas da na Lekki a Legas. Haka labarin taurin yake. Wanda ke cikin lemon gwangwani a masana'anta ake haɗa shi daga sinadaran da tushensu man fetur da gas da farar wuta ne, kuma mafi yawansa daga ƙasar Sin yake fitowa. Babu dabba ko ɗaya a cikin aikin.

Abin da yake yi a jikinmu

Ga abin da masu tura saƙo ba sa faɗa: wanda bai taɓa kurɓar enaji ba a rayuwarsa, shi ma jikinsa cike yake da taurin. Ana ƙiyasta cewa mutum yana ɗauke da kimanin giram 1 a kowane kilo na nauyinsa. Magidanci mai kilo 70 yana yawo da wajen giram 70 ke nan. Ya fi taruwa a zuciya, da tsoka, da ƙwaƙwalwa, da tantanin cikin ido mai karɓar haske, da fararen ƙwayoyin jini. Haka yake a jikin akuya da tunkiya da raƙumi da doki, da duk dabbar da ke shayar da 'ya'yanta.

Aikinsa da aka fi sani yana cikin maɗaciyar da aka fara ganin sa. Duk wadda ta taɓa wanke kwanon miya mai manja ta san ruwa zalla ba ya fitar da maiƙo, sai an sa sabulu. Cikinmu ma haka ne. Hanta na yin wani asid daga kolestarol, sai ta ɗaura masa taurin ko wani ɗan'uwansa da ake kira gilaisin, haɗin ya zama kamar sabulu. Idan kitse ya iso hanji, matsarmama ta matso wannan ruwa, ya farfasa kitsen ƙanana-ƙanana yadda jiki zai iya tsotsa. Ta wannan hanya bitamin A da D da E da K ma suke shiga jiki, domin a cikin maiƙo suke narkewa.

Aiki na biyu shi ne daidaita ruwa. Ƙwayar halitta kamar 'yar salka take. Idan ruwa ya yi mata yawa za ta kumbura, idan ya yi kaɗan ta yamutse. Idan ta fara kumbura sai ta saki taurin waje, ruwa ya bi shi. Idan tana neman bushewa sai ta riƙe shi. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a ƙwaƙwalwa, inda ƙoƙon kai bai bar wurin kumburi ba.

Na uku yana cikin zuciya, inda yake taimakawa wajen sarrafa shige da ficen kalsiyam, wanda shi ke sa tsokar zuciya ta matse ta saki. Na huɗu kuwa yana wajen yaƙi da cuta. Fararen ƙwayoyin jini na kashe ƙwayoyin cuta da wani sinadari mai zafi, dangin ruwan bilic ɗin da ake wanke fararen kaya da shi. Taurin na kama rarar wannan sinadari ya rage masa kaifi, don kada ya ƙone naman jikin da ake ƙoƙarin karewa.

Daga ina jiki ke samun sa? Hanya biyu ce. Hanta na ƙera nata daga wasu amino asid masu farar wuta da ke cikin furotin na abinci, da taimakon bitamin B6. Sauran kuma daga nama da kifi da kaji yake zuwa. Tsirrai kusan ba su da shi. Dawa da gero da masara da rogo duk fayau suke ta wannan fanni. Shi kansa bijimin da ake ta ambata ciyawa yake ci, wadda ba ta da taurin, jikinsa ke yin nasa. Masuncin Turawa da ya ci tarwaɗa ko karfasar da ya kamo a Challawa ya ci taurin. Wanda ya ci tsire da daddare ya ci. Abincin yau da kullum na mai cin nama na ba shi tsakanin miligiram 40 zuwa 400 a rana.

Kyanwa ce ta nuna wa duniya muhimmancinsa. Ita hantarta ba ta iya ƙera isasshe, kuma da taurin kaɗai take haɗa ruwan maɗaciyarta, don haka kullum tana asarar sa. A 1975 wani bincike na K. C. Hayes da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa kyanwar da aka hana abinci mai taurin, tantanin idonta yana lalacewa har ta makance. A 1987 Paul Pion da abokansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa wani ciwon zuciya da ke kashe kyanwoyin gida rashin taurin ne ke kawo shi, kuma da aka ba su sai zuciyar ta farfaɗo. Tun daga nan ake ƙara shi a abincin kyanwa na gwangwani. Kyanwar gidanmu da ke farautar ɓera a rumbu tana samun nata a can.

Sai kuma jariri. Hantar sabon haihuwa, musamman bakwaini, ba ta gama ƙwarewa wajen ƙera taurin ba. Nonon uwa na ɗauke da shi da yawa, ya fi na saniya nesa ba kusa ba. Shi ya sa tun shekarun 1980 ake ƙara shi a madarar jarirai ta gwangwani. Duk wanda ya rubuta cewa taurin ƙazanta ce, to ya sani da shi aka shayar da shi.

Wani zai ce ya karanta cewa ana samun taurin a maniyyi. Gaskiya ne, ana samu, kamar yadda ake samun ruwa da gishiri a cikinsa. Yana cikin jini, yana cikin nono, yana cikin nama. Samun abu a wuri bai nuna daga nan aka ɗebo wanda ke kasuwa ba.

A yi lissafi mana

Ko ba a san kimiyya ba, lissafin kasuwa ya isa. Gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana ɗauke da taurin miligiram 1,000, wato giram 1. Kamfanin ya sayar da gwangwani fiye da biliyan 12 a shekarar 2023. Giram biliyan 12 tan 12,000 ke nan, na kamfani ɗaya, a shekara ɗaya. Abin da ake samu daga bijimi a karo guda kuwa bai cika cokalin cin abinci ba, kuma taurin ɗin da ke ciki ɗan mitsitsi ne. Masu aikin barbarar shanu ta allura, irin na cibiyar NAPRI da ke Shika a Zariya, sun san tsadar wannan abu da wahalar adana shi. Wane ɗan kasuwa ne zai bar garin masana'anta mai arha ya je neman garken da duniya ba ta da shi? Marubucin da ya ɗauki minti biyar ya yi wannan lissafi ba zai sa maganar a bakin likitan labarinsa ba.

Ɗaya ƙaryar, ta masu talla

Akwai ƙarya ta biyu, kuma ita ta fi kawo kuɗi. Ita ce mai nuna cewa taurin ne ke ba da ƙarfi. Ga hoton bijimi ko zaki ko doki a jikin kwalba, ga kalma mai kama da ta magani. Kunnen Bahaushe ma yana taimaka mata, domin taurin ya yi kama da tauri, mu kuwa mun san 'yan tauri da wuƙa ba ta kama su. Kalmomin biyu ba su haɗa komai ba sai amo.

Taurin ba ya cikin abubuwan da ke zaburar da mutum. A ƙwaƙwalwa ma ya fi karkata ga kwantar da jijiyoyi. Wanda ya sha fiye da buƙata, ƙoda ce ke tace rarar ta fita a fitsari. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta duba iƙirarin cewa taurin na ƙara kuzari ko jinkirta gajiya, ta ce hujjar da aka kawo ba ta tabbatar da haka ba. Ita dai hukumar, a 2009, ta ce shan taurin har miligiram 1,400 a rana daga irin wannan lemo ba abin fargaba ba ne. Ma'ana, a iya abin da aka sani, bai kai dodon da masu tura saƙo ke zanawa ba, bai kuma kai maganin da masu talla ke nunawa ba.

A nan akwai darasi ga mai son rubutu kan kimiyya. A 2023 mujallar Science ta buga binciken Vijay Yadav na Jami'ar Kolumbiya da abokansa, cewa ɓerayen da aka riƙa ba taurin sun fi sauran daɗewa da kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Nan take kanun labarai suka cika da maganin tsufa. A 2025 wannan mujalla ta buga wani binciken na cibiyar nazarin tsufa ta gwamnatin Amurka, wanda ya bibiyi mutane da birai da ɓeraye, ya ga taurin na jini ba ya raguwa da tsufa yadda aka zata. A shekarar dai, mujallar Nature ta buga binciken Jami'ar Rochester da ya nuna ƙwayoyin sankarar jini na amfani da taurin wajen girma, a gwajin ɓeraye da na ɗakin bincike. Sai kanun labarai suka juya, wai enaji na jawo kansa, abin da binciken bai ce ba. Wanda ya rubuta na farko a matsayin magani, da wanda ya rubuta na ƙarshe a matsayin hukunci, duk sun yi gaggawa. Ɓera ba mutum ba ne, kuma bincike ɗaya ba ya rufe magana.

Inda haɗarin yake

Abin da ke buɗe idon mai shan enaji kafeyin ne, sinadarin nan da ke cikin goro da shayi da gahawa. Gwangwanin mililita 250 da muka ambata yana da miligiram 80. Yadda yake aiki shi ne, yayin da mutum ke farke wani sinadari mai suna adenosin na taruwa a ƙwaƙwalwa yana sanar da ita an gaji. Kafeyin sai ya je ya toshe wurin da saƙon ke shiga. Gajiyar tana nan, labarinta ne aka hana isowa. Bayan awa biyar ko makamancin haka rabin kafeyin ɗin ne kawai ya bar jiki, don haka wanda ya sha da la'asar yana tare da shi har bayan isha'i. Barcin daren ya lalace, gobe ya tashi a gajiye, ya sake saye. Ɗan acaɓan da ya ɗauko fasinja daga Rogo zuwa Ƙaraye bayan kwana biyu ba isasshen barci, idonsa a buɗe yake amma hannunsa da hankalinsa sun yi nauyi, kuma barci ɓarawo ne.

EFSA ta ce a 2015 baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, mai juna biyu kuma 200. Wannan jimillar duka ce, har da shayin safe da goron rana. Kafeyin na ɗaga bugun zuciya da hawan jini na ɗan lokaci, abin da mai hawan jini ko ciwon zuciya bai kamata ya yi wasa da shi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2011 wannan lemo bai dace da yara da matasa masu tasowa ba. Ƙasar Lituweniya ta hana sayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2014. Mu a nan yaron firamare zai miƙa kuɗi a miƙo masa.

Sai sukari. Wannan ƙaramin gwangwani yana da kimanin giram 27, kusan ƙaramin cokali bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke ƙarawa a rana ya wuce wajen giram 50, ta ce in ya tsaya a 25 ya fi. Idan robar rabin lita ta zo da irin wannan ma'auni, ita kaɗai ta cinye rabon yini. Mai noman rani da ke zufa tun hantsi ruwa jikinsa ke nema. Wanda kuma ya mayar da roba biyu ko uku abincin rana, yana kiran ruɓewar haƙori da ƙiba da ciwon suga.

Na uku shi ne mafi muni, wato haɗa lemon da ƙwaya. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018, wanda aka yi da haɗin gwiwar ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Nijeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su taramol da kodin ne ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC da ya nuna yadda abin ya yi ƙamari har a Kano. Taramol mai yawa na jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. Idan aka jefa shi a lemo mai kafeyin, kafeyin ɗin na ɓoye maye da gyangyaɗin da za su gargaɗi mai sha, sai ya ƙara. Robar lemo kuma ta zama sutura, uba na kallo yana zaton ɗansa lemo yake sha. Wannan ne labarin da ke jiran marubuci, shi kuwa yana can yana neman bijimi.

Ga masu cewa

Mun san amsoshin da za su biyo baya, domin mun sha jin su.

Wasu za su ce, ai ko ƙarya ce tana da amfani, tunda ƙyama za ta sa yara su bari. Wannan hujja tana rushewa a ranar da yaron ya taɓa wayarsa. Cikin minti ɗaya zai ga an ƙaryata maganar. Daga nan duk abin da ka faɗa masa kan kafeyin da sukari da taramol ya shiga kwando ɗaya da bijimi. Ka yi asarar yardarsa a kan abin da ba ka buƙata. Kuma mun ga abin da saƙon a tura wa kowa ke iya yi. A watan Agustan 2014, lokacin Ibola, saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane sun kwanta asibiti, wasu sun rasu. Waɗanda suka tura shi ma niyyar ceto suka yi. Banda haka, cewa da mutum ya sha najasa alhali bai sha ba, jefa shi ne cikin waswasi a kan addininsa ba da hujja ba.

Wasu za su ce mu marubutan ƙirƙira ne, ba malaman kimiyya ba. To, ƙirƙira ta ba ka damar ƙago Malam wane da Hajiya wance, da garin da babu shi a taswira. Ba ta ba ka damar ƙago abin da ke cikin kwalbar da mai karatunka zai saya gobe ba. Idan jahili ne a labarinka ya faɗi maganar bijimi, kuma labarin ya nuna shi a jahilinsa, babu laifi, haka mutane ke magana. Amma idan ka sa wa mutum farar rigar likita ka ɗora masa ita, ka ari mutuncin likitoci ka sayar da jabu. Da yawa daga masu karanta littattafan Hausa a waya ba za su taɓa buɗe mujallar kimiyya ba. Abin da ka rubuta shi ne iyakar abin da za su sani.

Wasu kuma za su ce Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Tun 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah a Zariya, littafin da ya yi bayanin halittu da yadda duniya ke gudana da Hausa tsantsa. Su ba su da intanet. Mahauci ya ba mu maɗaciya da matsarmama, mai maganin gargajiya ya ba mu farar wuta, mai wanke-wanke ta ba mu misalin sabulu da maiƙo, manomi ya ba mu yuriya. Inda babu kalma a ara a rubuta ta da bakinmu, yadda aka yi da mota da asibiti. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haƙurin zama a fahimci abu kafin a rubuta shi.

Abin da muke nema

Ba mu ce kowa ya koma jami'a ba. Abu huɗu ne kawai. Kafin ka rubuta cewa wani abu na cikin abinci ko magani, ɗauki kwalbar ka karanta jikinta, ka duba lambar NAFDAC da jerin abin da aka zuba da yawansa. Ka tambayi wanda aikinsa ke nan, ko malamin kimiyya na sakandaren garinku, ko mai haɗa magunguna a babban asibiti, ko likitan dabbobi. Ka raba abin da aka gwada a ɓera da abin da aka tabbatar a mutum. Sannan duk saƙon da ya zo maka ba sunan mai bincike, ba shekara, ba wuri, sai dai a tura don Allah, ka ajiye shi har sai ka samo tushensa.

Ga aikin wannan mako ga mai so. A je shago mafi kusa, ko a Ƙaraye ne ko Zarewa ko Gwangwan ko duk inda mutum yake, a ɗauki enaji iri biyu a kwafo abin da aka rubuta na kafeyin da sukari da taurin, a lura ko ma'aunin na mililita 100 ne ko na kwalbar gaba ɗaya. Sannan a rubuta labari ko faɗakarwa da ba ta wuce kalma 400 ba, a kan matashi ɗaya da ke shan sa: me ya sa ya fara, nawa yake kashewa a mako, ƙarfe nawa yake barci, wa ya lura a gidansu. Kada a ambaci sunan kowa na gaskiya. Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure a wata magana da ke sama, ya kawo hujjarsa da sunan binciken da shekararsa, za mu karanta mu tattauna.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.